Yini Guda A Cikin Kwazazzaban Tsarnawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Konni zuwa Tawa a Jamhuriyar Nijar ya san Tsarnawa, ko da kuwa bai taɓa sauka daga mota a garin ba. Nan ne mararrabar da titin Tawa da Agadas ya rabu da babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 15 gabas da Birnin Konni. Abin da akasarin matafiya kan tuna game da garin shi ne albasa, domin kuwa tun kafin mota ta tsaya hanci zai sanar da mutum inda ya iso, ga buhuna jibge a bakin titi, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa. Mu ma albasar ce ta kai mu. To amma labarin da muka dawo da shi na wani abu ne dabam, wanda ba a hango shi daga kan kwalta.

A farkon daminar 2024 ne, watanni kaɗan bayan an sake buɗe iyakar Illela da Konni, wadda aka garƙame sakamakon juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, muka je yankin domin ganin halin da kasuwar albasa ke ciki. Muna zaune a wata rumfa ana shan shayi, sai ƙaramin cikinmu, wanda ba ya rabuwa da wayarsa, ya shiga nuna wa jama'a hotunan wani wuri a Amurka. Wata tsaga ce a cikin jan dutse, mai zurfi, matsattsiya, bangayenta sun lanƙwashe kamar an murɗe zane, hasken rana na saukowa ciki daga sama. Ya ce mutane kan taso tun daga Japan da Jamus, su biya kuɗi masu kauri, su bi layi, don kawai su ratsa ta cikinta su ɗauki hoto. Wani dattijo da ke gefe ya karɓi wayar, ya ƙura mata ido, ya miƙo, sannan ya ce in dai wannan ne to su zo ya kai su kyauta, domin akwai irinsa a bayan gonarsa, kuma rabin gonar da ya gada wajen mahaifinsa tana cikinsa. Kowa ya yi dariya ban da shi. Washegari bayan sallar asuba muka bi shi, tunda an ce gani ya kori ji.

Kafin mu shiga, bari mu ɗan yi wa mai karatu bayanin abin da ke cikin hoton. Sunan wurin Kwazazzabon Antelope, yana jihar Arizona kusa da garin Page, a ƙasar ƙabilar Nabaho. Zurfinsa ya kai kimanin mita 37 a wasu wurare, alhali faɗinsa a wani wurin bai wuce mutum ya buɗe hannuwa ya taɓa bango biyu ba. Babu kogin da ke gudana a cikinsa kullum. Ruwan sama ne na lokaci guda, wanda ya zuba a kan dutse inda babu ƙasa mai taushi da za ta shanye shi, sai ya taru ya nemi tsaga, ya kwaso yashi da tsakuwa yana gurzar dutsen da su kamar yadda maƙeri ke gurzar ƙarfe da magagari, shekara da shekaru har dubbai. Akwai irinsa da yawa a jihar Yuta mai maƙwabtaka. Akwai kuma mashigar tsohon birnin Petra a ƙasar Jodan, wadda tsawonta ya zarce kilomita 1. A cikin Sahararmu ma akwai su a duwatsun Azbin da na Ennedi a Chadi, inda raƙuma ke shiga tsakanin bangayen dutse su sha ruwa a Archei.

Kada mai karatu ya ɗauka za mu ce na Tsarnawa ya kai waɗannan kyau ko zurfi. Bai kai ba. Bambancin da ya fi damun mu shi ne na lokaci. Abin da ruwa ya shafe dubban shekaru yana haƙawa a cikin dutsen Arizona, a nan yana haƙa shi ne a cikin ƙasa mai taushi, a gaban idon mai gonar, tun yana saurayi har ya yi furfura.

Yankin da muke magana a kansa shi ne masana ke kira Adar-Dutsi-Majiya. Tudu ne shimfiɗaɗɗe wanda marmara da baƙin dutse suka rufe samansa, sai manyan kwaruruka suka tsaga shi, kamar kwarin Keita da na Badagishiri da na Majiya. Ita Majiya daga wajen Buza take tasowa, ta gangaro kudu maso yamma ta wuce Konni, ta tsallaka cikin Nijeriya ta zube a tafkin Kalmalo kusa da Illela. A nan sai mai karatu ya lura, Illela biyu ce: akwai ta Jihar Sakkwato da ke bakin iyaka, akwai kuma ta Adar da ke cikin Jihar Tawa, kuma duka biyun suna cikin labarin nan. Ruwan saman da ke zuba a wannan yanki bai wuce kimanin milimita 500 a shekara ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma ba yayyafi yake yi ba, sau da yawa a cikin sa'a ɗaya ko biyu yake juye abin da zai juye. Duk ɗigon da ya faɗi a kan tudun nan mai tauri gangare yake nema, kuma hanyoyin da yake bi su ne ƙoramun da Faransancin Nijar ke kira kori.

Daga baki zuwa maƙogwaro

Amalanken jaki ne ya kai mu bakin ƙoramar, mu uku da dattijon da wani jikansa ɗan kimanin shekara goma sha biyu. A nan bakin babu abin tsoro. Fili ne na farin yashi mai faɗi, sawun shanu da na amalanke birjik, domin da rani ƙorama ita ce titin ƙauye, ta nan ake zuwa kasuwa, ta nan ake kora dabbobi ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Mun tarar da wasu 'yan mata sun tona rami a cikin yashin suna kwalfar ruwa da ƙoƙo, abin da ke nuna cewa ruwan da ya wuce bai tafi duka ba, yana nan kwance a ƙarƙashi.

Dattijon ya kafa mana sharuɗɗa tun a nan. Kowa ya riƙe sanda da gorar ruwansa. A bi tsakiyar yashi, kada a raɓi gindin gaɓa don neman inuwa, domin inuwar da mutum ke so ita kububuwa ma take so. Kada a cusa hannu a rami ko a ɗaga dutse da yatsu saboda kunama. Sannan idan ya ce a fita, to a fita, a bar tambaya sai an hau sama. Ɗaya daga cikinmu ya yi murmushi da jin wannan na ƙarshe. Baƙo dai makaho ne ko da yana da ido.

Muna tafiya muna fuskantar tudu, gaɓa biyu suna ta matsowa suna ƙara tsawo. Tun suna iya ƙugu har suka shanye kanmu. Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne saiwoyi. Aduwa da bagaruwa da ke tsaye a bakin gaɓa, rabin saiwarsu na reto a iska kamar igiyoyin guga, ƙasar da ke riƙe da su ta tafi. Dattijon ya nuna mana wani kututturen gawo da ke kwance a tsakiyar yashi, ya ce a ƙarƙashinsa mahaifinsa ke ajiye furar manoma, kuma a wancan zamani wannan wurin yaro kan tsallake shi da tsalle ɗaya. Yanzu ko raƙumi da kayansa zai juya a ciki.

Bangon ƙoramar kansa abin karatu ne. Daga sama jar ƙasa ce mai tsakuwa, ƙarƙashinta wata mai ruwan ƙwai, sai can ƙasa wani farin dutse mai gautsi. A gindin farin dutsen nan ne yaron ya tsugunna ya tsinto mana wasu duwatsu ƙanana. Wani kamar ɓawon katantanwa, wani kuma kewayayye kamar ƙaramar waina, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Ya ce wasa suke yi da su. Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa waɗannan halittun teku ne da suka daskare suka zama dutse, domin kuwa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya taɓa malale wannan yanki har zuwa ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da tekun ya bari shi ne kamfanin siminti na Malbaza ke haƙa tun shekarun 1960, kuma danginsa ne ake haƙa a Kalambaina. Wato dai wanda ya gina ɗaki da simintin Malbaza ko na Sakkwato, da ragowar wancan teku ya yi gini. Da muka faɗa wa dattijon haka sai ya juya dutsen a tafin hannunsa, ya ce ikon Allah ya wuce haka, ya jefa shi a aljihu.

Bayan tafiyar kamar sa'a biyu sai ƙoramar ta rabu biyu, muka bi reshen hagu. A nan ne muka ga abin da ya yi kama da hoton wayar. Bangaye suka tashi tsaye cak, tsayin mutum uku ko fiye, suka matso har sai da muka jeru ɗaya bayan ɗaya, wani wurin ma sai an karkata kafaɗa. Zafin da ke dukan mu a waje ya ɗauke, wani sanyi mai ƙanshin ƙasa ya maye gurbinsa. Ba a jin kukan jaki, ba a jin iska, sai ƙarar takunmu a kan tsakuwa. Sama ta koma wani siririn ƙyalle shuɗi. Inda ruwa ya saba yin kwana ya goge bangon ya yi sumul, ya ƙwaƙule shi kamar cikin tukunya. Wata mujiya ta tashi daga wani kogo ta bi ta kanmu, saura kaɗan mai wayar ya yar da ita. Gaskiyar magana, wurin yana da kyau, kuma a lokacin mun fahimci abin da ke sa mutum ya baro ƙasarsa don ya tsaya a irin wannan wuri.

Muna cikin ɗaukar hoto dattijon ya ɗaga sandarsa ya nuna wata saiwa da ta ratso bango can sama da kawunanmu. Busasshiyar ciyawa ce ta nannaɗe ta, da tsumman leda, da wani silifa ƙafa ɗaya. Cikin harshensa na Adaranci ya ce, "Ku diba can bisa. Nan ruwan bara yat tsaya." Muka duba saiwar, muka duba inda ƙafafunmu suke, babu wanda ya ce uffan.

Ruwan da bai zuba a kanmu ba

Tun da muka shiga matsatsin muka lura dattijon kan tura jikansa ya haye sama lokaci-lokaci ta wasu 'yan hanyoyin awaki, ya leƙa ya dawo. Mun ɗauka dabbobi yake dubawa. Wajen azahar yaron ya sauko da sauri ya ce hadari ya haɗu a gabas, can kan tudu. Dattijon bai ƙara tambayarsa komai ba, ya juyo ya ce, "Samari, ku taho mu hita."

Wanda ya yi murmushi ɗazu ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ai ko gajimare babu a kanmu."

Ya ce, "Ruwan da ka cin mutum cikin ƙorama ba bisa kainai ya ka zuba ba." Ya wuce gaba, muka bi shi.

Fitar ba ta zo da sauƙi ba. Sai da muka koma baya tafiya mai ɗan nisa kafin mu sami inda gaɓa ta zabtare ta yi gangare, muka hau da rarrafe, ƙasa na zamewa a ƙarƙashinmu, ƙaya na kama riguna. Wannan shi ne sharrin matsattsen kwazazzabo a ko'ina yake a duniya: wanda ke ciki ba ya ganin sararin sama balle ya san abin da ke tafe, kuma ko ya sani ba ko'ina ne ke hawuwa ba.

Maganar da dattijon nan ya faɗa, wanda bai taɓa zama a aji ba, ita ce darasin da Amurka ta koya da rayukan mutane. Ranar 12 ga Agustan 1997 ambaliya ta rutsa da masu yawon buɗe ido a cikin wancan Kwazazzabo na Antelope da ke hoton, mutum 11 suka mutu, bakwai daga cikinsu Faransawa. Ruwan kirki bai zuba a inda suke ba, can nesa ya zuba, kilomitoci da dama daga wurin, ya biyo hanyarsa. Bayan wannan ne aka kafa matakalan ƙarfe a ciki, aka sa jiniyar gargaɗi, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora. Ranar 14 ga Satumbar 2015 wasu mutum bakwai suka halaka a irin wannan hali a gandun Zion da ke Yuta. A Petra kuwa, ambaliyar 1963 ta kashe sama da mutum 20 a cikin mashigar birnin, akasarinsu Faransawa. Abin mamaki a nan shi ne, Nabatawan da suka gina birnin kimanin shekara 2,000 da suka wuce sun san da wannan haɗari, har sun yi madatsa a bakin mashigar, sun fafe dutse sun yi wa ruwa wata hanya dabam. Da aka bar aikin nasu ya lalace sai ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, kuma sai bayan an yi asarar rayuka aka sake gina madatsar. A Jodan ɗin dai, cikin Oktobar 2018, mutum 21 suka rasu a wani kwari kusa da Mataccen Teku, yawancinsu yara 'yan makaranta da aka kai yawon buɗe ido.

Muna zaune a gindin wata sabara a saman gaɓa, rana na dukan mu, har an fara yi wa dattijon kallon wanda ya katse mana jin daɗi a banza. Can gabas dai sama ta yi baƙi ƙirin, ana walƙiya, amma ko tsawar ba ma ji sosai. An fi sa'a guda a haka. Sai muka ji wata ƙara kamar tirela na tahowa a kan titin tsakuwa. Wata iska mai sanyi ta fito daga cikin kwazazzabon. Sannan kan ruwan ya bayyana. Da farko ma bai yi kama da ruwa ba, wani tarin kumfa ne da karare da kashin awaki da ƙaya yana turowa a kan busasshen yashi, bayansa kuma jan ruwa mai kauri kamar kunu. Muna jin duwatsu na gwaruwa da juna a ƙarƙashinsa. Kafin rabin sa'a inda muka tsaya muna ɗaukar hoto ya shafe, wani ɓangaren gaɓar da ke fuskantar mu ya tsage ya rufta ciki da wata 'yar magarya a kansa. Har muka bar wurin ko ɗigo ɗaya bai taɓa rigunanmu ba. Mai murmushin nan dai bai sake magana ba sai da muka isa gari, inda ya sayi goro ya kai wa dattijon har gida.

A Nijar ba masu yawon buɗe ido ƙorama ke ci ba. Makiyayi ne da garkensa, da yaran da aka aika gona, da matan da ke dawowa daga kasuwa, sai kuma uwa uba motocin haya a wuraren da hanya ta ratsa ƙorama babu gada. Direba ya iso ya tarar da ruwa, fasinjoji na gaggawa, wani ya ce ai bai kai gwiwa ba, a danna. Ruwan da ke gudu da ƙarfi ba ya bukatar ya kai ƙirji kafin ya ɗaga mota, balle ma yakan kwashe yashin da ke ƙarƙashin taya. A ganinmu yawancin waɗannan mace-mace na rashin haƙurin sa'a biyu ne, domin ƙorama kamar yadda take cika da sauri haka take janyewa. A farkon Satumbar 2009 ruwan da ya zuba a duwatsun Azbin ya biyo ƙoramar Telwa ya fasa madatsa ya rusa dubban gidaje a Agadas. Ita kuwa daminar 2024 da muka ga farkonta, kafin ta ƙare hukumomin Nijar sun ƙidaya sama da mutum 300 da suka rasu, waɗanda ambaliya ta shafa kuma sun haura miliyan ɗaya.

Ina jan kunun nan yake zuwa?

Tambayar da muka yi ke nan muna kallon ruwan, kuma amsarta ce ta mayar da mu kan albasar da ta kawo mu. Duk ƙasar da ƙoramun nan suka yaga daga gonaki Majiya suke kai wa, ita kuma ta sauke ta a madatsun ruwa na Mozage da Zongo. Waɗannan madatsu, da aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, su ne ke shayar da filin noman rani na Konni mai faɗin sama da hekta 2,400, wanda aka sake gyara magudanansa da tallafin Amurka a ƙarƙashin wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a 2016. Kowace damina laka na ƙara kwantawa a gindin madatsun, wurin da ya kamata ruwa ya zauna yana raguwa. Ke nan rabin gonar da dattijonmu ya rasa bai ɓace ba, yana can ƙarƙashin dam ya tare wa mai albasa da mai alkama ruwan rani. Asara biyu ke nan daga ɓarna ɗaya.

Mu na wannan gefen iyaka ma abin ya shafe mu. Tafkin Kalmalo, wanda a da ake kamun kifi da noman rani sosai a bakinsa, ya sha ƙafewa, kuma jama'ar wurin kan danganta hakan da fari da kuma madatsun da aka yi a sama. Majiya na cikin koguna huɗu da Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniyar raba ruwansu a Maiduguri a 1990. To amma yarjejeniya a takarda ba ta hana gaɓa zabtarewa.

Maganin abin a saman tudu yake, inda ruwan ke fara gudu, kuma mun gan shi da idonmu a hanyarmu ta komawa, tunda dole muka zagaya ta kan fako. Wani fili ne da a da ko tsinke ba ya fitowa, an bi shi an haƙa ƙananan ramuka jere, kowanne faɗin kwano da zurfin kamar taƙi guda, an zuba taki a ciki, an tara ƙasar da aka tono ta ɓangaren gangare. Wannan ita ce tassa. Ramin na tare ruwa, takin na jawo gara, ita kuma garar ta huda ƙasa ruwa ya sami hanyar nutsewa. Gaba kaɗan kuma ga manyan kunyoyi masu siffar rabin wata, da jerin duwatsu da aka shimfiɗa a gicciye don rage wa ruwa gudu. Yaɗuwar tassa a wannan yanki daga Illelar Adar ta faro. A 1989 wani shiri na asusun bunƙasa aikin gona na duniya, wanda a Nijar aka fi sani da FIDA, ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake yi, suka dawo suka gwada. Da aka yi ƙarancin ruwa a 1990 sai gonakin da aka yi wa ramukan suka ba da amfani, na kusa da su suka ƙone. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba, har ta kai fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa.

Can arewa kuma akwai shirin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka dasa miliyoyin itatuwa, aka datse ƙoramu da kejin waya cike da duwatsu. Mata ne suka yi mafi yawan wannan aiki, da duwatsu a ka, a lokacin da mazaje suka tafi cin rani. Sai dai irin wannan aiki ba a gama shi. Waya na tsatsa, ruwa na zagaye madatsa ya buɗe sabuwar hanya, kuma idan shiri ya naɗe tabarmarsa sai a bar mai gona shi kaɗai da ƙorama, alhali ruwan da ke cin gonarsa daga filin da ba nasa ba yake tasowa.

To ko za a iya mayar da kwazazzaban nan wurin yawon buɗe ido kamar na Arizona? Mai wayar cikinmu ya dage a kan za a iya. Mu dai ba mu ga alamar Bature zai zo nan kusa ba. Tun a Oktobar 2020 aka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masallata da ke dab da Konni, sai da sojojin ƙasarsa suka kuɓutar da shi a cikin Nijeriya, kuma matsalar 'yan bindiga a dazukan kan iyaka ba ɓoyayyiya ba ce. Amma ba sai an jira Bature ba. Ɗaliban ilmin ƙasa da na aikin gona a Jami'ar Tawa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har ma da 'yan sakandaren Konni da Malbaza, suna haddace zaizayar ƙasa a kan allo, ga ta nan kuwa tafiyar amalanke daga bakin kwalta. Yini guda a cikin ƙorama tare da dattijo irin namu zai koya musu abin da zangon karatu bai koya ba, shi ma ya sami na goro.

Wanda duk ya yi niyya, shawararmu ita ce ya bari sai damina ta ɗauke, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kada ya yi gangancin da muka yi. Ya fara gaida mai gari, ya tambayi lafiyar dajin, ya ɗauki ɗan gari, ya kuma faɗi inda za shi da lokacin da zai dawo. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A 2003 wani matashi mai suna Aron Ralston ya shiga wani matsattsen kwazazzabo a Yuta shi kaɗai ba tare da ya gaya wa kowa ba, dutse ya gangaro ya danne masa hannu, ya kwana biyar a wurin babu mai neman sa a inda yake, daga ƙarshe sai da ya yanke hannun da 'yar wuƙarsa kafin ya tsira.

Da safe kafin mu nufi tasha muka biya ta gonar dattijon don yin sallama. Ruwa ya janye, sai laka da sawun tsuntsaye. Gefen gonar da ke bakin gaɓa ya rufta cikin dare, ya tafi da layi huɗu na geron da bai fi kwana goma da tsirowa ba. Mun same shi yana cire shingen ƙaya yana mayar da shi baya, jikan nasa kuma na ɗauko duwatsu a ka yana zubawa a bakin wata sabuwar tsaga da ta buɗe, wadda faɗinta bai wuce taƙi biyu ba. Muka yi masa jaje, ya ce Allah ya sa iyakarta ke nan. Har mun juya ya kira mai wayar ya ce, "Ɗana, in Turawan naku sun taho, ka ce kowa shi riƙo dutse guda." Muka taya yaron ɗauko uku-uku, sannan muka kama hanyar Konni.